Tikiti Biyu a Rigar Tikiti Ɗaya: Nazarin Wata Tafiya da Aka Saya ta Intanet

Wadda abin ya shafa ƙanwata ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti. Ta yarda in rubuta abin da ya faru bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta. Ni kuma na ƙara nawa sharaɗin: ba zan faɗi sunan dillalin da ta sayi tikiti a hannunsa ba, haka ma kamfanonin jirgi biyun da suka ɗauke ta. Babu ko ɗaya cikinsu da ya saɓa abin da ya rubuta, kuma wannan ne ya sa na ga lamarin ya cancanci a zauna a tsefe shi. Da damfara ce aka yi mata, da labarin bai wuce layi uku ba.

Kuɗin ma ba zan kawo su da sunan kuɗin wata ƙasa ba. Na mai da farashi mafi arha da ta gani a allo ya zama 100, duk sauran a kansa za a auna.

Tafiyar da ke gabanta

An ɗauke ta kwas na mako biyu a wata ƙasa, za a fara ranar Litinin da ƙarfe 9 na safe. Masu shirya kwas ɗin ba sa saya wa kowa tikiti. Wani adadi suke bayarwa, wanda a ma'auninmu ya kama 140. In ka rage naka ne, in ka zarce ka cika daga aljihunka. Babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye daga inda take, dole a ya da zango a wata ƙasa ta uku. Tana da bizar ƙasar da za ta je, fasfonta na da sauran shekara uku, kuma za ta tafi da babban akwati ɗaya. Da sauran mako bakwai ta fara nema.

A wannan matakin ba ni da abin da zan kushe mata. Ta fara da shafukan kwatanta farashi, kuma ta san yawancinsu ba su ne masu sayarwa ba. Aikin irin su Skyscanner, wanda aka kafa a Edinburgh a 2003, da Kayak na 2004, da Google Flights da ya fito a 2011 bayan Google ta sayi kamfanin ITA Software, shi ne su tattaro farashi su jera maka, in ka zaɓa su miƙa ka ga mai sayarwa, ko kamfanin jirgin da kansa ko dillali. Ta buɗe kalandar da ke nuna farashin kowace rana, ta ga tashi ranar Asabar ya fi na Lahadi sauƙi, ga shi kuma zai ba ta kwana guda ta huta kafin a shiga aji. Ta duba ko birnin da za ta je yana da filin jirgi na biyu, ta kuma duba nisansa da gari, don ta taɓa jin yadda mutane ke sayen tikitin "Paris" su sauka a Beauvais, kusan kilomita 85 daga birnin. Ta kunna faɗakarwar da ke aiko da saƙo idan farashi ya motsa.

Bayan ta tace, zaɓi uku suka rage. Na farko, kamfani ɗaya ne zai ɗauke ta tun daga tashi har sauka, da zangon awa biyu da minti 15, da akwati mai kilo 23 a ciki, a kan 138 a shafin kamfanin. Na biyu, waɗannan jiragen ne dai, amma ta hannun wani dillali, a kan 131. Na uku shi ne mai 100: kamfani ɗaya ya kai ta zango, wani kamfanin daban, cikin masu tikitin arha, ya ƙarasa da ita, da tazarar awa uku da minti 20 a tsakani. A ƙarƙashin na ukun akwai wasu kalmomi biyu na Turanci da ƙananan baƙaƙe, waɗanda ma'anarsu ita ce canjin jirgi a wuyan fasinja yake. Ta gan su. Ta ɗauka ana nufin za ta taka da ƙafarta daga wannan ƙofa zuwa waccan, abin da kowa ke yi.

Kwana biyar na jira

Ba ta saya a ranar ba. Ta ce bari ta ɗan saurara ko zai sauko. A rana ta biyar na farkon ya koma 149, na biyun 143, na ukun bai motsa ba. Da dare ta kira ni.

"Yaya, mutanen nan sun gane ina son tikitin nan. Kullum sai na duba, shi ya sa suka ƙara min."

Na ce ta ba ni ranakun. Na buɗe a kwamfutata, wadda ba a taɓa neman wannan hanya da ita ba, sai ga 149 ni ma. Na ce ta duba hoton allon da ta ɗauka a rana ta farko, ta karanto min harafin da ke gefen ajin kujera, ta kuma karanto na yau. Haruffan sun bambanta.

Amsar tana cikin wannan harafi. Kujerun ɓangaren talakawa a jirgi duk iri ɗaya ne a ido, amma a kwamfutar kamfani an raba su rukuni-rukuni, kowane da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Y ne cikakken farashi, a ƙarƙashinsa akwai jerin haruffa masu rahusa, kowane da adadin kujerun da aka ware masa. In na rukuni mafi arha suka ƙare, ko kwamfutar ta lura jirgin na cika da sauri fiye da yadda aka yi tsammani ta rufe rukunin, sai na samansa ya bayyana. Shi ya sa farashin tikiti ba ya hawa a hankali, tsalle yake yi. Tsarin ya girmi intanet. Bayan Amurka ta sakar wa kamfanonin jirginta mara wajen yanka farashi a 1978, sababbin kamfanoni masu arha irin su People Express suka fara kwashe fasinjoji. A 1985 American Airlines ta mayar da martani da wasu tikiti masu rahusa sosai, amma a kan ƙayyadaddun kujeru, kuma sai ga wanda ya saya da wuri. Sauran kujerun ta ajiye su wa matafiyan da ba su da zaɓi, masu saye a ƙurarren lokaci. Shekara biyu bayan haka People Express ta ɓace daga kasuwa, dabarar kuwa ta bazu ko'ina.

Wato babu wanda ya sa mata ido. Wasu mutane ne a wasu garuruwa suka riga ta sayen kujerun da take kallo. Na yi mata wannan bayani, ta gamsu, muka yi sallama. A nan nawa laifin yake: na ɓata minti ashirin a kan tambayar da ta yi, ban tambaye ta abin da take shirin saye ba. Ganin 149 ya haura abin da za a ba ta, a daren nan ta danna na ukun.

Daga 100 zuwa 131

Shafin kwatanta farashi ya miƙa ta ga dillali, aka shiga cike bayanai. A shafi na biyu aka nuna mata cewa tikitin kamfanin farko ba ya ɗauke da akwati, sai jakar hannu: 7 zuwa, 7 dawowa. Kamfani na biyu shi ma yana karɓar nasa, 5 da 5. Akwati ɗaya tak, an biya masa kuɗin mota sau huɗu, farashi ya koma 124. Kuɗin hidimar dillali 3. Aka yi mata tayin zaɓen kujera, ta ƙi, kuma ta yi daidai. Aka yi mata tayin wata kariya a kan 8, wadda za ta sa dillali ya nema mata wani jirgin idan ta rasa na biyu, ita ma ta ƙi, tana lissafin cewa awa uku da minti 20 sun isa kowa.

A shafin biya aka nuna mata jimillar da kuɗin ƙasarta, an riga an canja mata. Ta ji daɗin ganin lamba a kuɗin da ta saba da su, ta amince. Irin wannan canji a gurin biya, mai karɓar kuɗin ne ke yanka farashinsa, ba bankin mai kati ba, kuma akan ɗora riba a kai. A nata lamarin ya ci 4. Da ta zaɓi biya da kuɗin da aka rubuta tikitin da su, bankinta ma zai cire nasa, amma da muka kwatanta daga baya, abin da bankin zai cire bai kai rabin haka ba.

Jimilla 131. Daidai farashin zaɓi na biyu a rana ta farko, wanda tikiti ɗaya ne, da akwati a ciki. Ita kuwa ba da rana ta farko take auna kanta ba, da 149 ɗin da ke gabanta take aunawa, ta ga ta tsira da 18. Akwai kuma wani abu da kowane mai saye ta intanet ya sani: in ka ɓata rabin awa kana cike suna da lambar fasfo, komawa baya a shafi na huɗu yana da nauyi, ko da lambar da ta jawo ka tun farko ta riga ta narke.

Lambobi uku

Nan take dillali ya aiko da imel mai ɗauke da lambarsa ta ciniki. Wannan lambar tasa ce shi kaɗai, babu kamfanin jirgin da ya san ta. Sai bayan awa tara wani imel ya biyo baya da lambobi biyu, kowace mai baƙaƙe shida na haruffa da alƙaluma, irin waɗanda ake kira PNR. Ta kamfanin farko tana tare da lambar tikiti mai alƙaluma 13, ukun farko na nuna kamfanin da ya fitar da shi, kamar yadda tsarin IATA yake, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wadda ta daina tikitin takarda tun 2008. Ta kamfani na biyu ba ta da irin wannan lamba, don da yawa cikin masu tikitin arha lambar ajiyar kujera kawai suke bayarwa.

Lambobi biyu na nufin ciniki biyu, da kamfanoni biyu waɗanda ba su san da juna ba. A littafin na farko, tafiyarta ta ƙare a zango. A littafin na biyu, daga zango ta fara. Babu inda aka rubuta tafiyar gaba ɗayanta sai a imel ɗin dillali. Ta ajiye saƙon ta ci gaba da harkokinta har kusan wata guda.

Sauran kwana 12

Hira ce kawai ta kawo maganar. Na tambaye ta ƙarfe nawa za ta tashi, ta ce bari ta duba, na ce ta duba a shafin kamfanin jirgin da lambar nan mai baƙaƙe shida, kada ta tsaya ga tsohon imel. Ta yi shiru na ɗan lokaci.

"Yaya, lokacin ya canja."

Kamfanin farko ya ɗaga tashinsa da awa ɗaya da minti 50. Maimakon ta sauka a zango da 1:10 na rana, yanzu sai 3:00. Jirgi na biyu yana nan a 4:30. Kamfanin ya aika da sanarwa, amma adireshin imel ɗin da ke cikin ajiyar na dillali ne, ba nata ba. Dillali ya tura mata bayan kwana biyu, saƙon ya faɗa cikin akwatin tallace-tallace tare da tayin otal da na hayar mota da yake aiko mata kullum.

Awa ɗaya da rabi a tikiti ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin da aka amince a sayar da canjin jirgi a kansa, kuma in canjin jadawali ya sa tazara ta gaza haka, kamfanin ne ke sake wa fasinja jirgi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Akwati kuwa tun daga tashi ake liƙa masa alamar inda zai sauka ƙarshe, galibi mai shi ba ya sake ganinsa sai can. A tikiti biyu babu ko ɗaya cikin waɗannan. Dole ta sauka, ta bi layin jami'an shige da fice, ta jira akwatinta ya fito, ta ja shi zuwa ɗaya ginin, ta sake auna shi a kantar kamfani na biyu, wadda ke rufewa minti 45 kafin tashi. Wato daga 3:00 zuwa 3:45. Wanda ya taɓa zama a kujerun baya na babban jirgi ya san fitowa kaɗai na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na wannan lokaci.

Ina cikin jera mata matakan nan ne na tsaya a kan na biyu. Na ce, "Kina da bizar ƙasar zangon?"

"Ai wucewa kawai zan yi, Yaya. Na duba, masu wucewa ba sa buƙata."

Ta duba, kuma abin da ta gani gaskiya ne: mai irin fasfonta zai iya canja jirgi a wannan ƙasa ba tare da biza ba, muddin bai fita daga ɓangaren matafiya masu wucewa ba. Amma wurin ɗaukar akwati yana bayan jami'an shige da fice ne. Wanda zai ɗauki akwatinsa ya shiga ƙasar ke nan. Ana wata ga wata. Kuma matsalar ba za ta ma jira ta isa can ba. Ma'aikacin kantar kamfanin farko zai duba ƙa'idojin shiga ƙasashe a rumbun Timatic na IATA, ya ga tikitin da ke gabansa ya ƙare a ƙasar da fasinja ba ta da bizarta. Ƙasashe da yawa suna cin tarar kamfanin da ya kawo musu wanda bai cancanci shiga ba, su kuma tilasta masa mayar da shi. Saboda haka ma'aikacin yana da dalilin hana ta hawa tun a gida.

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk lamarin shi ne wannan: matsalar biza tana nan tun daren da ta biya kuɗi. Canjin jadawalin da ya ɓata mata rai shi ne ya cece ta, don ba don shi ba, da sai a bakin kanta ranar Asabar za ta ji labari.

Tsakanin dillali da kamfani

Ta kira kamfanin farko, aka ce tikitin dillali ne ya fitar, shi za ta nema. Mutane kan ɗauki wannan amsa a matsayin raini, amma tana da tushe: dillali ne ya karɓi kuɗin, shi ya fitar da tikitin, kuma kafin ranar tafiya gyara yakan bi ta hannunsa. Ta koma ga dillali, ta fara da na'urar amsa tambaya da ke ta maimaita mata zaɓi huɗu, sai a rana ta biyu ta sami mutum. Ya ce canjin bai kai adadin awannin da sharuɗɗan kamfanin suka sa don mayar da kuɗi ba, kuma tunda ba ta sayi kariya ba, rasa jirgi na biyu ba ya wuyansu. Duka biyun haka suke a rubuce. Mun karanta sharuɗɗan kariyar daga baya, muka ga da ta saya, da an nema mata wani jirgin saboda canjin jadawali, amma maganar biza an cire ta ƙarara, tana kan fasinja.

Muka zauna muka auna hanyoyin da suka rage. A watsar da komai a sayi tikiti ɗaya sabo: a lokacin ya kai 196, kuma daga 131 ɗin da ta biya, ɗan harajin filin jirgi da kuɗin akwati ne kaɗai ake sa ran su dawo. A bar akwati a tafi da jakar hannu, a karɓi katin shiga jirgi na biyu ta waya, a zauna a ɓangaren masu wucewa: wasu na yi suna dacewa, amma ya dogara ga ma'aikacin da aka tarar a kanta da kuma tsarin ginin filin, ga mako biyu da jaka mai kilo 7. Ban yarda a jingina kwas ɗin da ta yi shekara tana nema a kan sa'a ba. A ɗaga jirgi na biyu zuwa safiyar Lahadi: akwai kuɗin canji da bambancin farashi, za a cinye ranar hutun, kuma bizar na nan dai. Ta huɗu ita ce a dawo da jirgin farko baya da kwana ɗaya, ta kwana a zango.

Ta huɗun ce ta yiwu saboda wani abu da ba wanda ya faɗa mata sai da ta tambaya da kanta. Kamfanin da ya canja jadawali yakan bar fasinja ya koma wani jirginsa na kusa kyauta, ko da canjin bai kai na mayar da kuɗi ba. Ta sake kiran kamfanin da takamaiman tambaya: jirgin Juma'a yana da wuri, kuma an yarda a mai da ni can? Aka ce e, aka rubuta izinin a cikin ajiyarta. Ta koma ga dillali da wannan, ya yi gyaran, ya karɓi ladansa 4. Kwana huɗu abin ya ci.

Ƙasar zangon tana bayar da biza ta intanet, ta fito cikin kwana uku. A nan ma saura ƙiris a sake kuskure. Ta cike ta shiga sau ɗaya, tana gab da biya ta tuna cewa a dawowa ma sai ta ɗauki akwatin nan a wuri ɗaya. Ta koma ta zaɓi mai shiga sau biyu, a kan 11. Otal kusa da filin jirgi 7, mota zuwa da dawowa 2.

Lissafi ya tsaya a 155, ban da ranar aiki ɗaya da ta ƙara nema a ofis. An ba ta 140, ta cika 15. Da a rana ta farko ta sayi mafi tsadar ukun, da ta rage 2.

Me doka ta ce?

Ta tambaye ni ko akwai wani haƙƙi da za ta bi. Dokokin kare fasinja suna nan, amma kusan dukkansu a kan ciniki ɗaya suke auna tafiya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta sa diyyar yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisa, ga jiragen da suka tashi daga ƙasashen tarayyar ko kamfanonin tarayyar da ke shigowa cikinta, kuma kotun tarayyar ta yanke a 2009 cewa jinkirin awa uku wajen isa ya shiga ciki. A 2013 kotun ta ƙara da cewa ana auna jinkirin ne a inda tafiya ta ƙare, ko da ɗan ƙaramin jinkiri ne a jirgin farko ya sa aka rasa na biyu. Hukunci ne mai ƙarfi, sai dai "inda tafiya ta ƙare" shi ne wurin da ke rubuce a ajiya ɗaya. Ga mai tikiti biyu, tafiyar farko ta ƙare a zango. Amurka kuma tana da ƙa'idar awa 24, wadda ke ba mai saye damar fasawa ba tare da asara ba idan da sauran mako guda ko fiye kafin tashi, amma kamfanonin jirgi ta ɗaure, ba dillalai ba. Ko da hanyarta ta bi ta can, da ba ta amfana ba.

Inda aka karkace

Ba na cikin masu cewa duk tikitin arha tarko ne. Haɗa kamfanoni biyu dabara ce ta gaske, kuma akwai wanda ta dace da shi: mai jakar hannu kaɗai, mai fasfon da ke shiga ƙasar zango ba biza, wanda ya bar awa biyar ko shida ko kwana a tsakani, kuma babu abin da zai lalace in ya makara da rana ɗaya. Irin wannan matafiyin zai biya 100 ɗin nan ko kusa da ita, ya isa lafiya. Ƙanwata ba ta cika ko ɗaya cikin sharuɗɗan huɗu ba, kuma shafin da ya jera mata farashi bai tambaye ta ko ɗaya ba. Ba aikinsa ba ne. Lambobi yake jerawa daga ƙarami zuwa babba, alhali abubuwan da ke bayan lambobin ba iri ɗaya ba ne: 138 farashin kai mutum da akwatinsa inda za shi ne, 100 kuwa farashin kujeru huɗu ne.

Jiran kwana biyar ya ci 11, amma ban ɗauke shi babban kuskure ba, don farashi kan sauko wani lokaci, kuma babu wanda ke ganin cikin kwamfutar kamfani. Abin da zan ce kawai, in farashi yana ƙasa da abin da aka ware, ranar tafiya kuma ba ta motsuwa, ribar da za a samu a jira kaɗan ce, asarar kuwa ba ta da rufi. Babban kuskuren yana shafi na huɗu, lokacin da 100 ta zama 131 kuma ba ta buɗe ɗaya tagar ta sake kwatantawa ba. A wannan daƙiƙar bambancinta da tikiti ɗaya ta hannun dillali 12 ne kacal, kuɗin da bai ko kai na biza da mota ba. Na biyunsa shi ne watan da ta yi ba ta buɗe ajiyarta a shafin kamfanin ba, inda za ta iya sa imel da lambar wayarta tun rana ta farko.

Zaɓi na biyu, wato tikiti ɗaya ta hannun dillali, yana da nasa matsayi a tsakiya. Kariyar canjin jirgi da ta akwati suna nan, don tikitin ɗaya ne. Abin da ake sayarwa da ragin 7 ɗin shi ne damar magana da kamfani kai tsaye, kuma bayan kwana huɗun da ta yi tana kai kawo, ta ce ba za ta sake sayar da wannan dama a kan 7 ba. Wani zai iya ganin akasin haka, ban ga laifinsa ba.

Dawowa

Zuwa ya yi kyau. Ta kwana a zango, ta auna akwatinta da sauran awa uku, ta shiga aji ranar Litinin kafin malami.

A dawowa kamfani mai arha ne ke fara ɗaukarta, da tazarar awa biyar da minti 10 a zango, wadda muka ɗauka ta wadatar. Jirgin ya makara da awa biyu da minti biyar. Wannan bai kai awa ukun da ake maganar diyya a kai ba, kuma a idon kamfanin ya sauke ta inda ya yi alkawari. Ɗaya kamfanin kuwa bai san tana cikin wani jirgi ba. In ba ta bayyana ba kafin a rufe kanta, za a rubuta ta cikin waɗanda ba su zo ba, kujerar ta tafi, sai sabon tikiti a farashin ranar. Kantar babban jirgi tana rufewa awa ɗaya kafin tashi, saboda haka awa biyu da minti biyar take da su daga sauka. Jirage uku suka sauka lokaci ɗaya, layin shige da fice ya ci minti 55. Akwatinta yana cikin na ƙarshe da suka fito. Motar da ke kai mutane ɗaya ginin ta tashi a kan idonta, ta jira ta gaba.

Ta ɗora akwatin a ma'auni da sauran minti 25 a rufe. Ma'aikaciyar ta duba fasfo, ta duba allo, ta tambaye ta ko daga wani jirgin take. Ta ce e. Matar ta sake duba allon ta ce ba ta ga alamarsa ba a nan, sannan ta liƙa wa akwatin takarda ta miƙo mata katin shiga.